Rigar Tankin Babur

Kai ɗana ne na fari, don haka ko a takarda ba zan iya kama sunanka ba, za ka dai gane da kai nake. Yanzu haka kana kwance a gefena, watanka goma sha huɗu, ba ka san komai ba sai nono. Nan da 'yan watanni za a yaye ka, a ɗauke ka a kai ka Ƙarfi gidan yayan mahaifinka, Alhaji Sada. A can za ka tashi, a can kuma za ka fara jin labarin rasuwar ubanka, kuma na san da irin bakin da za a ba ka shi. Za a ce maka uwarka 'yar boko ce, ta ɗinka wa babur riga don ta nuna ta iya, rigar ta shaƙe babur ɗin a hanyar asibiti, shi ya sa ubanka bai kai ba. Wallahi tallahi ƙarya ce. Har yau in na ji ƙarar babur daga nesa sai in rasa inda zan sa kaina. Duk da haka sai na rubuta.

Mahaifinka malamin gona ne, da keke yake zagaya ƙauyuka yana nuna wa mutane yadda ake feshin auduga. Da na gama makarantar 'yan mata aka ɗaura mana aure, aka kawo ni Ƙarfi daga Funtuwa da akwatina da keken ɗinkin da babana ya saya mini. Gida ɗaya muke da Alhaji, shi yana sashen gabas da iyalinsa, mu muna yamma, kakarka Inna tana tsakiya. Alhaji mai sayen auduga ne, kuma a kakar da nake ɗauke da cikinka harka ta yi masa kyau, sai ya je Funtuwa ya sayo babur. Shi ne na farko a unguwarmu. Tankinsa ja ne wur, yana sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki, murfinsa kuma fari tas kamar sabon faranti. Ranar da aka kawo shi, har tsofaffi da sanduna sun zo kallo. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na leƙa ta bayan zana.

Abin da ban taɓa gani ba shi ne mutum ya zama bawan fenti. Alhaji ya keɓe wa tankin nan tsumma na musamman, mai laushi, wanda ba a wanke shi tare da kayan kowa. Ya hana a ɗora hannu, ya hana kaji su gifta ta kusa. A zaure babur yake kwana, baƙi kuwa su zauna a waje. In zai je Funtuwa sai ya hau motar auduga, wai hanya za ta cinye masa taya, babur ɗin iyakarsa masallacin Juma'a da rumfar awon auduga da ke bakin gari. Wata rana ya lura gefen da gwiwarsa take gogawa ya fara dusashewa, ga kuma wani ɗan ƙarce kusa da murfi da zoben azurfarsa ya yi. Ranar ko tuwo bai ci ba. Inna ta ce tun da ta haife shi ba ta ga ya damu da ciwon ɗan'adam kamar yadda ya damu da wannan ƙarcen ba, muka yi dariya mu mata. Da na san inda abin zai kai mu, da ban yi ba.

Shi ne ya aiko mahaifinka ya ce in ɗinka wa tankin riga, tunda ina da keke. Na ce to, har na ji daɗi, don yayan miji ya nemi abu a wurinka ai girma ne. Na sami kaki mai kauri, na yi masa shafi da tsohon zanena mai laushi don kada ya goge fenti. Gefe biyun da gwiwa take taɓawa na cusa musu gurzazziyar auduga, na bi da ɗinki layi-layi har suka zama kamar 'yan matasai. Na sa igiyoyi huɗu da za a ɗaure ta ƙasa. A sama kuma na yanke zagaye daidai bakin tanki, na kalmashe gefensa, murfi yana waje fili, ba abin da ya taɓa shi. Ka riƙe wannan da kyau. Ban bar wurin a buɗe da ka ba. Babur ɗin ya zo da ɗan littafi na Turanci, Alhaji ya ba mahaifinka ya karanta masa, ni kuma na karance shi tas saboda son karatu. A ciki an ce akwai ɗan rami a murfin tanki, kamar hudar allura, ta nan iska take shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ramin ya toshe, mai zai tsaya, inji ya mutu ko da tanki cike yake.

Rigar ta zauna das. Alhaji ya zagaya babur sau uku yana murmushi, ya aiko mini da goro. To, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Lokacin da aka sayo babur ɗin a naɗe yake cikin leda, irin mai shara-sharan nan da kake ganin abin da ke ciki, ba mu saba ganinta ba a lokacin. Ya ninke ta ya adana a ƙarƙashin katifa. Sai ya ɗauko ya yanki wani sashe ya shimfiɗa a jikin fenti kafin a ɗora riga. Wannan ban ce komai ba, ba ta da illa. Amma da ya ga murfin nan mai sheƙi yana waje, rana tana dukansa, hannun mutane yana kai masa, sai ya yanki wata ledar ya lulluɓe shi ruf, ya sami robar tsohon tiyub ya naɗe wuyan tankin zagaye uku, ya ƙulle tamau.

Na gaya wa mahaifinka. Ya ce shi ma ya sani, don ranar da suka je sayen babur, Oga Sande, makanikin da ya haɗa shi, wani haifaffen Funtuwa ɗan mutanen kudu, ya nuna musu ramin da yatsa. Na ce to ka faɗa masa mana. Ya ce Yaya ne, ba a maimaita masa magana. Mahaifinka mutum ne mai kawaici, kawaicin da har yana ba ni haushi. Sai na ɗauki kasada, da yamma Alhaji yana goge taya a tsakar gida na je na durƙusa daga nesa.

"Yaya, a yi mini haƙuri. Akwai ɗan rami a murfin nan, ta nan iska take shiga. Littafin ya ce in an toshe shi, mai ba zai sauka ba."

Bai ko ɗago ba.

"Babur ne ko jaki, da zai yi numfashi?"

"Haka dai aka rubuta, Yaya."

"Baturen da ya ƙera shi a leda ya naɗo shi tun daga ƙasarsu. Ke kin fi shi sanin kayansa? Isyaku! Zo ka ɗauki malamar matar nan taka, ta fara koya mini hawan babur."

Matan gida suka tuntsire da dariya. Inna ta ce, "Ke Rakiya, tashi ki duba tukunyarki. Kayansa ne."

Na tashi kunnuwana suna zafi. Abin da ya ƙara mini takaici, babur ɗin bai taɓa mutuwa ba. Sai daga baya na gane dalili. Ba ya tafiya mai nisa da shi, kuma duk inda ya tsaya sai ya kwance robar ya leƙa mai, don tsoron kada ya ƙare, iska ta shiga, ya sake ƙullewa. Wata da watanni ana haka. In ya dawo daga masallaci sai ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki, ya ce, "A gaya wa Malama yau ma bai suma ba." Har ni kaina na fara zaton ko na yi wa Turancin mummunar fahimta ne.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, cikin kaka, kana da wata tara. Maza duk sun watse, wasu kasuwa wasu gona. Da hantsi mahaifinka yana jera damman dawa a rumbu bayan gida, sai na ji ya yi salati da wata irin murya. Na fita a guje, na tarar da shi riƙe da hannunsa na dama, ga baƙin abu yana sulalewa ƙarƙashin rumbu. Kumurci ne, baƙin macijin nan mai mugun dafi. Ya dube ni ya ce, a hankali, "Igiyar ƙasa ta taɓa ni. Kira Yaya." Na fizge ɗankwalina na ɗaure masa damtse. Allah Ya sa Alhaji bai fita ba. Zan faɗi gaskiyarsa, bai yi nawa ba, nan take ya turo babur waje. A safiyar nan ya cika tanki har baki, ya sa sabuwar leda, ya ƙulle. Ba namijin da zai riƙe mahaifinka ta baya, sai na miƙa wa Inna kai, na yafa mayafi na hau. Alhaji a gaba, mahaifinka a tsakiya, ni na rungume shi ta baya. Ban taɓa hawa babur ba sai ranar.

Mun bar gari, mun wuce gonakin auduga, ina jin bugun zuciyarsa a hannuna, ina cewa asibitin Malumfashi ba nisa, yanzu za mu kai. Ba mu yi mil uku ba sai babur ya fara tari, ya ja, ya ja, ya mutu. Alhaji ya buga, ya buga, shiru. Ya sauke mu a gindin wata ɗorawa, ya kwance filogi, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar. Na ce, "Yaya, murfin." Ya ce in yi masa shiru. Can bayan an daɗe babur ya tashi, don tsayuwar ta sa iska ta ɗan silale ciki, shi kuwa ya ce ka ji, filogi ne. Muka hau. Ko rabin tafiyar farko ba mu yi ba ya sake mutuwa, wannan karon a fili fetal, ba inuwa, ba mota, ba ko mai jaki, kowa ya riga ya wuce kasuwa.

A nan na ga idanun mahaifinka sun fara rufewa. Yana ƙoƙarin ɗaga su, suna faɗowa, sai ya ɗaga kansa sama don ya gan ni. Yawu yana zubo masa ta gefen baki. Alhaji ya sake durƙusawa kan filogi.

"Yaya, don girman Allah ka buɗe murfin nan."

"Da safen nan na cika shi da hannuna! Mai ba shi ne matsala ba."

"Ba mai nake cewa ba, iska! Ledar ce ta toshe shi!"

"Ke, ki kiyaye ni. Ɗan'uwana yana wannan hali za ki kawo mini boko?"

Sai mahaifinka ya yi magana, harshensa ya yi nauyi kamar mai dutse a baki.

"Yaya... kwance... ta yi gaskiya."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ya goyi bayana a gaban yayansa ba sai a wannan ranar, kuma ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa da ake ganewa.

Alhaji ya miƙe ya nufi tanki. Ka san abin da ya yi? Farce ya sa yana tsintar ƙullin robar, a hankali, a hankali, kada ledar ta yage, kada zobensa ya taɓa murfi. Roba ta sha rana ta ƙara ɗamewa, yana ja tana komawa. Ƙaninsa yana kwance a ƙasa numfashi yana sarƙewa, shi yana lallaɓa leda kamar mai kwance wa jariri cibiya. Ban san lokacin da na zura hannu a aljihun mahaifinka ba, na ciro 'yar wuƙar da yake yankan reshen auduga da ita. Na bangaje Alhaji, ni Rakiya, na bangaje yayan mijina. Na soka wuƙar ƙarƙashin robar na ja da ƙarfina duka. Robar ta tsinke, wuƙar ta zarce ta tsaga rigar da na ɗinka, ta ja dogon layi a jikin jan fentin. Na murɗe murfin, sai muka ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka ɗaga wa kai daga ruwa.

Kalmar farko da ta fito daga bakin Alhaji, Allah ne shaidata, ita ce, "Fentin!"

Ya faɗa, ya ji abin da ya faɗa, sai ya juya ya hau. Bugu ɗaya babur ya tashi. Daga nan har ƙofar asibiti bai ƙara ko tari ba. Amma mun bar gida da hantsi, muka isa ana shirin kiran azahar. Aka ɗauke shi aka shiga da shi, aka yi masa allura, aka yi iyakar yi. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinSa.

Ba zan ce maka da mun isa da wuri da ya rayu ba. Ban sani ba. Malamin asibiti bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba, kuma da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na mutu da shi a cikina, domin a hanyar dawowa na ga Alhaji yana kuka kamar ƙaramin yaro. Abin da ya biyo baya shi ne ban iya haɗiyewa ba.

Ranar sadakar uku ina zaune a ɗakin da aka ba ni na takaba, bangonsa ɗaya da zaure, ina jin masu gaisuwa. Wani ya tambayi yadda aka yi sabon babur ya mutu a hanya. Sai na ji muryar Alhaji, a natse, kamar malami yana ba da karatu.

"Ashe shi babur yana da wata 'yar ƙofa da yake shan iska. To rigar nan da yarinyar ta ɗinka ita ta toshe ta. Sai da aka tsaga rigar da wuƙa sannan ya tashi. Ba da gangan ta yi ba, yarinta ce da son a ce an iya. Ni na yafe mata."

Aka yi ta salati, ana Allah Ya kyauta, ana ai ka ji illar boko. Ka ga, maganata ya ɗauka, wadda ya mayar abin dariya wata da watanni, ya juya ta ya soke ni da ita. Har da yafewa! Ban san na miƙe ba. Na tsinci kaina a ƙofar zaure da kayan takaba, maza cike.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Rigata ba ta taɓa murfin ba. Leda ce, kai ka ɗaura ta da hannunka, na roƙe ka tun..."

"Subhanallahi," in ji Liman. "Mai takaba a zaure? A mayar da ita ciki."

Maza suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce ina ledar, ba wanda ya ce a kawo rigar a duba. Mata suka janye ni. Daga ranar aka daina maganar abin da ya toshe babur, aka koma maganar matar da ta fito zaure cikin takaba ta ɗaga wa yayan mijinta murya. Wasu suka ce mutuwar ce ta taɓa mini kai. Na nemi rigar in nuna zagayen da na bari, aka ce an ƙone ta don kada ganinta ya riƙa tayar wa Inna da hankali. Na sa ƙanen babana ya nemo Oga Sande a Funtuwa, ya tarar da rumfarsa a rufe, sun bi jirgin ƙasa sun koma kudu tare da danginsu a wannan shekara da hankula suka tashi, ba wanda ya san garinsu. Mutum biyu suka san gaskiyata, ɗaya yana kabari, ɗaya ya yi nisan da ba zan same shi ba. Haka na zata.

Da na fita takaba ba wanda ya ce in zauna. Ranar da za a mai da ni gidanmu, da safe, na shiga yi wa Inna sallama kana goye a bayana. Na same ta tana kaɗi, ta rame, tari ya kama ta tun rasuwar. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Sai ta ajiye mazari.

"Rakiya, ni na riƙe masa ledar a safiyar nan yana ɗaurewa. Ya ce hannunsa da mai, in danne masa. Da wannan yatsan."

Na ɗago kai na dube ta.

"Inna! To ki faɗa mana. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa."

"'Ya'ya maza biyu Allah Ya bar mini, ɗaya yana ƙasa. In na faɗa, wannan ba zai ƙara ɗaga kai a Ƙarfi ba. Kuma shi zai riƙe ɗanki."

"Ni fa, Inna? Ni ba 'yar kowa ba ce?"

"Ke yarinya ce, za ki yi wani auren a inda ba a san labarin ba."

"Shi wannan da ke bayana zai sani. Za a gaya masa ni na kashe ubansa."

Ta miƙa hannu ta shafa ƙafarka, hawaye yana bin tamojin fuskarta. Na jira. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta amsa.

"Ba zan tara mutane in tona ɗana ba. Amma in wannan ya girma ya zo ya tambaye ni da bakinsa, shi kaɗai, ba zan yi masa ƙarya ba."

Iyakar abin da na samu ke nan daga gidan ubanka. Ban yafe wa Alhaji ba, ba zan rubuta na yafe alhali ban yafe ba. Amma kai kada ka raina shi, tuwonsa za ka ci, kuma in sun ba ka nasu labarin kada ka yi musu a zaure, na gwada na ga abin da ake samu. Ka bari sai ɗakin Inna ya zama ba kowa, ka shiga ka zauna kusa da ita, ka ce, wa ya ɗaure murfin? Abin da yake hana ni sukuni shi ne shekarunta da wannan tarin. Jiya wata mai tallan daddawa daga Ƙarfi ta ce mini yanzu ko kaɗin ba ta iyawa. Kai kuwa ko tafiya ba ka gama koya ba. Don Allah ka yi sauri ka girma.